Mariƙan Kekena

“Wa zai riƙe ki idan na mutu?”

Da wannan tambayar Umma ta tare ni ranar Laraba da safe, ina sa safar hannu zan tafi shago. Ta tsaya a bakin ƙofar falo ta tare hanya, idonta ya riga ya yi ja.

Na ce, “Umma, ni jaka ce da za a riƙe ni?”

“Kin ji ko? Bakin nan naki ya fi ƙafafun cutar ki.”

Na ci gaba da sa safar hannuna, don na san in na ƙara kalma ɗaya kuka za ta fashe da shi, ni kuma in makara.

Shekarata ashirin da tara. Shan inna ya taɓa ni ina da shekara uku, tun daga nan keke ne ƙafata. Gyaran waya nake yi, ina da shagona a ƙasan wani bene a bakin babban titi, kuma duk layin babu wanda ya kai ni iya canza sikirin ba tare da ya bar ƙura a ciki ba. Amma a wurin Umma har yau ni kaya ce da aka ajiye a tasha, ana jiran mai ɗauka.

Masu ɗaukar kuwa su biyu ne.

Na farko Alhajin Kekuna. Sunan da muka sa masa ke nan a ƙungiyarmu ta masu buƙata ta musamman, saboda duk shekara sai ya raba kekunan guragu, kowanne da hotonsa manne a baya yana murmushi. Matarsa ta rasu bara, sai ya zo ya ce wa Baba yana so ya ɗauke masa nauyi. Nauyin ni ce. Bai taɓa yi min maganar minti biyar ba, amma ya aiko da sabon keke, ga shi can a kusurwar falonmu da ledarsa, da hoton, da wasu manyan mariƙai biyu na turawa a baya kamar ƙahonin sa.

Na biyu shi ne Maƙeri, mai walda. Shi nake so, shi ma ni yake so, wannan ban taɓa shakkarsa ba. Mahaifiyarsa Hajiya ce ta ce in dai tana numfashi ɗanta ba zai auri gurguwa ba. Wata bakwai ke nan ana abu ɗaya.

Umma ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Babanki ya ce ba zai yi miki dole ba, amma ya gaji da ba Alhaji haƙuri. Ƙarshen watan nan yake son amsa. Shi yaron nan mai walda, uwarsa ba ta ƙaunar ganin ki. Sai yaushe za ki gane?”

“Umma, ba na son Alhaji.”

“So! Ke ma har da so? Irinki ba ta zaɓe, ’yar nan.”

Tana faɗa ta kama bakinta. Ni kuwa sai na ji kamar ta watsa min ruwan zafi a ƙirji. Da wata ce ta faɗa da na mayar mata da wadda ta fi ta, amma uwar da ta goya ni har na shekara tara ce.

Na saki birki na ce, “Matsa min, Umma, masu waya na jira na.”

Ta matsa. Ina jin kukanta har na fita ƙofar gida.

*

Labarin mariƙai shi ne labarinmu da Maƙeri, don haka bari in ba ku shi.

Shekara biyu da suka wuce ina zaune a bakin titi ina jiran mai kawo min kayan gyara, kawai na ji kekena ya tashi. Wani bawan Allah ne, ban san shi ba bai san ni ba, ya kama mariƙan baya ya nufi tsakiyar titi da ni.

Ina ihu, “Malam, ba tsallakawa zan yi ba!”

Yana cewa, “Ba komai, ba komai, don Allah na yi.”

Na kai hannu zan tsayar da taya, ta murɗe min yatsu biyu. Ya dire ni a wancan gefen, ya kaɗe hannunsa ya tafi da ladarsa, ya bar ni da kumburin yatsu da neman yadda zan dawo.

Ba shi ne na farko ba. An taɓa ture ni gefe a kanti don kawai wata tana son wucewa. An taɓa rataya min jaka a baya a layin asibiti. Duk wanda ya ga mariƙan nan sai ya ɗauka gayyata ce.

Washegari na sa Yaya, babbar yayata, ta raka ni rumfar mai walda da ke bayan layinmu. Na shirya wa abin da na saba, wato mutum ya tsallake kaina ya dubi Yaya ya ce, “Me take so?” sai ka ce ƙafafuna sun tafi da harshena.

Shi kuwa ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa, ya jawo benci ya zauna har idonmu ya daidaita, ya ce, “Direba, me za a yi wa motar?”

Na ce, “Yanke min mariƙan nan.”

“Duka biyun?”

“Duka.”

Yaya ta ce, “Kada ka biye mata. To wa zai tura ta?”

Ya ce, “Mai mota ta ce a yanke.”

Ya yanke su tas, ya goge bakin ƙarfen har ya yi sumul don kada ya kama min mayafi. Sannan ya rataye su a jikin ƙusa a bangon rumfarsa ya ce, “Zan ajiye su. In na ga mai ƙaiƙayin tura mutane sai in ba shi ya tura kansa.”

Tun daga ranar na zama Direba, shi kuma na sa masa Maƙeri don ya tsani sunan, wai shi injiniya ne.

Bai taɓa tafiya a bayana ba. A gefena yake tafiya, hannu cikin aljihu, mutane suna harararsa suna cewa wannan wane irin marar tausayi ne, shi kuwa yana fito abinsa. Shi ya ƙera min gangarar ƙarfe a ƙofar shago. Ranar da ƙungiyarmu ta kai takarda ofishin da ke kula da lamuranmu, muna neman a yi wa kekuna hanya a makarantu da asibitoci, muka tarar ofishin yana hawa na uku, babu lif sai matakala. Masu gadi suka ce a ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. Maƙeri ya ce babu wanda za a ɗauka, shugaban yana da ƙafa, ya sauko. Awa huɗu muka yi a rana, yana tsaye riƙe da kwalin da muka rubuta kokenmu, har shugaban ya sauko.

To ku gaya min, wace mace ce ba za ta so irin wannan ba?

*

Ranar Larabar nan da hantsi ina narka dalma a kan wata waya da ta ƙi caji, sai ga shi ya shigo yana haki, fuskarsa fal dariya.

“Direba, ajiye wayar nan. Hajiya ta ce in kawo ki ranar Asabar.”

Ƙarfen dalmar ya kusa ƙona min yatsa.

“Kada ka yi min wasa da zuciya, Maƙeri.”

“Wallahi. Da bakinta ta faɗa, ta ce tana son ta gan ki.”

“Me ka ce mata? Wata bakwai tana cewa a’a, yau kuma me ya canza?”

Ya sosa ƙeya ya dubi fankar sama. “Addu’a ce kawai. Ke dai ki shirya.”

Da ina da hankali da a nan na tsaya. Mutumin da kullum cikin idona yake magana, yau yana hira da fanka. Amma murna ta rufe min ido, ban ga komai ba.

Ya durƙusa ya juya tayar gaba da yatsa. “Kin ji ƙarar nan? Ba za ki shiga falon Hajiya kina ƙii-ƙii ba. Ki ba ni motar ranar Juma’a in yi mata wanka, in canza mata yadin jingina, Asabar da safe in dawo miki da ita.”

Na ba shi. Ranar Juma’a na rufe shago na wuni a kan gado, wanda rabona da yin haka tun ina yarinya. Umma ta turo min keken Alhaji har bakin gado ta ce, “Ga wannan ki hau mana kafin a dawo da naki.” Na ce mata gara in ja jiki. Kuma jan jikin na yi.

Asabar da safe ya dawo da kekena, har sai da na yi tantama ko nawa ne. Ya sha sabon fenti, tayoyin sun yi shiru, ga yadin jingina baƙi mai kauri da ya zagaye bayan ya rufe ƙarafan. Yaya ta yi guɗa. Umma ma, duk da haushinta, sai da ta gyara min ɗaurin ɗankwali da hannunta tana cewa, “Ki rage surutu, kin ji? A tambaye ki ɗaya ki ba da rabi.”

Mota ya aro. Na shiga da kaina kamar yadda na saba, ya naɗe keken ya sa a but ɗin motar. Na lura da wata ’yar jaka da ya rataya a kafaɗa, na ce, “Me ke ciki?”

Ya ce, “Kayan aiki ne.”

Da muka isa ƙofar gidansu na koma kan kekena, na gyara mayafi, na ɗora hannu a kan zoben taya. Na ce, “Maƙeri, zo gefena mana.”

Bai zo ba. Na ji an zuge jaka a bayana. Na ji an ɗage yadin jingina.

Ƙas. Ƙas.

Sai kekena ya tashi, alhali hannuna bai motsa ba.

*

Na damƙe tayoyin da duk ƙarfina, keken ya tsaya cak. Na waiwaya. Mariƙaina ne, waɗanda na bari a jikin ƙusa shekara biyu da suka wuce, an goge su an yi musu fenti. Ya yi waldar ’yan bututu biyu a bayan keken ya ɓoye su a ƙarƙashin yadi, yanzu ya zura mariƙan a ciki. Aiki ne mai kyau. Maƙeri bai iya aikin banza ba.

Na ce, “Mene ne wannan?”

Ya sunkuyo daidai kunnena. “Masu cirewa ne, Direba. Na yau ne kawai. Minti goma. Don girman Allah kada ki yi min gardama a nan. Hajiya ba za ta iya ganin kina tura kanki ina biye da ke hannu sake ba. Ki taimake ni.”

“Cire su.”

“Ga ƙofa an buɗe, ana kallon mu. Na roƙe ki.”

Gaskiya ne, an buɗe ƙofa, ga wata mata a tsaye tana leƙo mu. Na dubi fuskarsa na ga gumi, na ga tsoro, na tuna wata bakwai.

Na saki tayoyin. Na ɗora hannuwana a cinya.

Wannan sakin shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Ya tura ni muka shiga. Ban san haka ake jin nauyin kai ba sai ranar. Ya kai ni tsakiyar falo ya ajiye ni a gaban teburin gilashi, ya taka min birki da kansa, ya tsaya a bayana inda ba na ganin fuskarsa.

Hajiya na zaune a doguwar kujera, doguwar mace mai kama da shi sak, har ƙaramin tabon gira. Matar da ta buɗe ƙofa ƙanwarta ce, ta zauna a gefenta.

Na sunkuyar da kai na ce, “Ina wuni, Hajiya. Mun same ku lafiya?”

Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta daɗe a kan takalmin. Sannan ta ɗaga ido ta tsallake kaina.

“Ita ce?”

Ya ce, “Ita ce, Hajiya.”

Ƙanwar ta ce, “Allah sarki. Ga ta kyakkyawa kuwa. Kai, Allah sarki.”

Hajiya ta ce, “Tana iya girki?”

Na buɗe baki, sai na ji amsa ta fito daga bayana. “Tana iyawa, Hajiya.”

“Wanka fa? Wa ke yi mata?”

“Da kanta take yi.”

“Likita ya ce za ta haihu?”

“Babu abin da zai hana, Hajiya.”

Ina zaune ana cinikina kamar tsohuwar waya, wannan na tambayar batir, wancan na rantsuwa bai taɓa faɗawa ruwa ba. Mutumin da ya taɓa cewa mai mota ta ce a yanke, yau shi ne bakina.

Hajiya ta gyara zama ta ce, “To. Ka ce min ta yarda za ta rufe shagon nan ta zauna a gida. Ka ce min ta bar ƙungiyar nan tasu ta zaman titi da kwalaye, don ni ba za a nuna min surukata a bakin ofis tana ihu ba. Haka ne?”

Na ji mariƙan sun motsa a hannunsa.

Can ƙasa ya ce, “Haka ne, Hajiya.”

“Shi ke nan. Da so ka ce min, da har gobe ban yarda ba, don ban haifi mahaukaci ba. Amma tunda ka ce taimako ne, lada kake nema, ka riƙe ta don Allah, ni ba zan shiga tsakaninka da lada ba. Allah Ya ba ka ikon riƙewa.”

Ƙanwar ta ce, “Amin. Ai samun mariƙi irinsa sai an tona.”

Lada. Ashe addu’ar da ya ce min ke nan.

Na sa hannu na saki birki da kaina. Ƙarar ta cika falon.

Na ce, “Hajiya, ki gafarce ni, ina jin magana kuma ina mayarwa. Da ni aka tambaya da an huta. Ina girki, ina wanka, haihuwa kuma ta Allah ce, ga masu ƙafa ma haka take. Shago nawa ne, ban ce zan rufe ba. Ƙungiya ban bar ta ba, ranar Litinin ma muna da zama. Lada kuwa, ɗanki ya nema a wani wurin. Ni ba akwatin sadaka ba ce.”

Ƙanwar ta dafe ƙirji. Hajiya ba ta ko kalle ni ba, ɗanta ta duba ta ce, “Ka ji abin da kake so ka kawo min gida?”

Na juya kekena. Mariƙan suka fizge daga hannunsa. Na fita da hannuna.

*

A gindin bishiyar da ke ƙofar gidan ya cim min. Ya sha gabana ya zube a ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, ƙaton mutum mai lanƙwasa ƙarfe da hannu.

“Direba, ki saurare ni. Ki tsaya ki ji.”

“Ina ji. Yau ai kai ne mai magana.”

“Wata bakwai ina fama. Na yi roƙo, na yi fushi, na bar cin abincin gidan, na turo mata ’yan’uwanta, duk a banza. Na ce mata ina son ki, ta ce asiri aka yi min. Ranar da na ce taimako ne, a ranar ta sauko. Ƙofa ɗaya ce ta buɗe, Direba, me kike so in yi? In tsaya ina kallo a ba wa Alhajin Kekuna ke?”

“A ba shi ni? Kai ma ka fara?”

“Ba haka nake nufi ba. Dabara ce kawai. Da an ɗaura shi ke nan, ki buɗe shagonki, ki je taronki, in cire mariƙan in jefa su a kwata. Wa zai hana mu?”

Na ce, “Ranar da Hajiya za ta zo gidanmu fa?”

Ya kawar da kai.

“Sai ka ɗauko su daga kwatar ka zura, ko? Ranar da danginku suka taru fa? Ranar da na haihu ta zo ta ce a ba ta jaririn don ni ba zan iya ba, me za ka ce? Na yau ne kawai? Minti goma?”

“Ba zan bari ba.”

“Yau ka bari. Maƙeri, mariƙan ne masu cirewa. Bututun da ka yi musu walda ka yi. Kai da kanka ka gaya min abin da ka yi wa walda ba ya fita sai da injin yanka.”

Ya kifa kansa a kan hannun kekena yana kuka. Ina kallon ƙeyarsa, ina kallon tabon ƙuna a wuyansa, wanda ya samu ranar da yake ƙera min gangarar shago. Wallahi ina son sa. A wannan lokacin ma da yake ƙona min rai, ina son sa, kuma wannan ya fi komai ciwo. Amma na hana hawayena fita. Ba zan yi kuka a ƙofar gidan da aka karɓe ni don lada ba.

Na ce, “Ka san abin da ya fi ƙona ni? Ba maganar Hajiya ba ce, irinta na sha ji. Jiya na wuni ina jan jiki a ƙasa, ina murna kana can kana gyara min keke. Ashe kana can kana auna inda za ka kama ni. Kwana uku kana da shi, Laraba, Alhamis, Juma’a. Ka tambaye ni?”

“Da na tambaye ki ba za ki yarda ba.”

“Ka san ba zan yarda ba, shi ya sa ka ɓoye a ƙarƙashin yadi. Mutumin da ya tsallakar da ni titi ya fi ka, shi bai san ni ba.”

Ya ɗago, idonsa jawur. “Ki gaya min abin da zan yi. Ko mene ne.”

“Tashi ka koma ciki. Ka ce mata ƙarya ka yi. Ka ce ba lada kake nema ba, so na kake yi, da shagona da ƙungiyata da bakina. Ka faɗa ina jin ka daga nan. In ka faɗa, ko shekara bakwai ce zan jira ka.”

Ya miƙe. Ya juya ya dubi ƙofar. Ya yi taku biyu.

Daga ciki muryar Hajiya ta fito, ba da ƙarfi ba ma. “Ka shigo ka rufe min ƙofa. In ka bi ta, kada ka dawo.”

Ya tsaya.

Na ba shi lokaci, Allah Ya sani na ba shi. Na ƙirga motocin da suka wuce a titi har goma sha ɗaya. Yana nan tsaye tsakanina da ƙofar, bai shiga ba, bai dawo ba.

Na miƙa hannu baya na lalubo mariƙin dama na zare. Na zare na hagu. Ashe ba su da wuyar fita. Na matsa kusa da shi na ɗora masa su a tafin hannu.

“Riƙe kayanka. Ni miji nake nema, ba mariƙi ba.”

Ban shiga motar aron ba. Da hannuna na koma gida, tafiyar awa ɗaya da rabi a rana, har safar hannuna ta yage.

*

Umma na ganin fuskata ta gane. Ta zauna a hannun kujera ta fara kuka, Baba kuwa ya rage muryar rediyo.

Ta ce, “Na gaya miki ki rage surutu. To yanzu sai ki karɓi na Alhaji, tunda shi bai da uwar da za ta hana.”

Na dubi keken da ke kusurwa, hoton na yi min murmushi ta cikin leda.

Na ce, “Baba, don Allah a mayar masa da kekensa, a ba wanda ba shi da shi. Amsata a’a ce, ba sai ƙarshen wata ba. Shi da Maƙeri duk tafiyarsu ɗaya. Shi ya manna hotonsa a fili, wancan ya ɓoye bututu a ƙarƙashin yadi.”

Baba ya dube ni ya ce, “Na ji.” Ya mayar da muryar rediyonsa.

Umma ta ce, “Wa zai riƙe ki?”

Na shiga ɗaki na cire yadin jinginar na jefar. Bututun nan biyu suna nan a bayana, bakinsu a buɗe. Duk motsin da na yi sai in ji kamar wani na shirin zura wani abu a ciki.

Washegari da safe na ce wa Yaya ta raka ni. Ba bayan layinmu muka bi ba. Muka wuce kasuwa, muka wuce gidan mai, har muka samu wata rumfar walda da ban taɓa zuwa ba. Mai rumfar dattijo ne, yana tsugune yana haɗa ƙyauren ƙofa.

Na yi sallama. Na juya masa bayan keken don ya ga aikin.

Ya ɗage gilashinsa ya miƙe tsaye. Akwai benci a gefensa, bai jawo ba. Ya tsallake kaina ya dubi Yaya.

“Me take so a yi mata?”

A nan kukan da na riƙe tun jiya ya ƙwace min, a gaban baƙo, a tsakiyar tartsatsin wuta da ƙarar guduma. Yaya ta buɗe baki za ta ba shi amsa, na kama hannunta na riƙe gam.

Na share fuskata da yagaggiyar safar hannuna, na ɗaga kai.

“Baba, keken nawa ne. Ni za ka tambaya.”